Muryar da Na Aro wa Mayyar Fim

Karantina, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autana Fahad, tare da gaisuwa da sa albarka. Allah ya tsare min kai a sama da ƙasa, ya sauke ka Kano lafiya, ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka da gaskiya. Na cusa takardar nan a aljihun jakarka, kusa da fasfo, don na san nan ne kawai hannunka ba zai kasa zuwa ba.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san sai ka bi ta da yatsa kamar mai koyon baƙi, amma ka daure, inda za ka da ita za ka ci abinci. Na so in faɗa maka wannan magana da baki. To amma duk sanda na fara sai ka ce, "Tayyib, Umma, tayyib," idonka na kan kwamfuta, ni kuma sai nauyi ya kama ni in koma zancen yaji da dabinon da zan sa maka a kaya.

Tun ranar da ka ce min mutanen da suka ɗauke ka aiki suna so ku sake yin tsohon fim ɗin nan na ban tsoro da Hausa, kuma kai za ka rubuta labarin, zuciyata ba ta zauna ba. Ka san kaset ɗinsa yana ƙasan akwatina. Ka san a da ina fassara wa mata fim. Rabin labarin ke nan. Ga ragowar.

Ni da Abbanka mun zo aikin Hajji ina amarya, shekara talatin da 'yan kai ke nan, muka zauna kamar yadda mutane da dama suka zauna. Shi ya sami tuƙin motar kaya, daga baya Allah ya haɗa shi da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Ni na shiga aikatau a gidan wata Balarabiya a cikin gari. Ba zan ce ba ta taɓa yi min tsawa ba, amma a bakinta na koyi Larabci, kuma ita ta zauna a kaina lokacin da na yi ɓari. Da ta sayi sabon bidiyo sai ta ba ni tsohon, haɗe da kwali guda na kaset. Haka ɗakinmu ya zama na farko da ya yi bidiyo a duk lungunmu.

Bayan la'asar, kafin maza su dawo, mata su cika ɗakin har bakin ƙofa. Yawancinsu Larabcin kasuwa kawai suke ji, na fim ya fi ƙarfinsu. Sai in tsaya a gefen talabijin ina juya musu magana zuwa Hausa. Da farko abin da aka faɗa nake faɗa. Da na ga suna jin daɗi sai na fara ƙara gishiri. In ba attajiri muryar Bakano mai kanti a Bab Makka, in ba uwar miji muryar tsohuwar Bakatsiniya. Allah ya ba ni baiwar kwaikwayon murya, kuma yabo ya shiga kaina.

Ka san fim ɗin, amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi a lokacin. Iyalin masu kuɗi sun tare a tsohon gida, akwai ɗaki a can sama da ake kullewa, yarinyar gidan ta fara ciwo tana magana da abin da ba a gani. Kowa a fim ɗin fari ne, kowa yana da suna, sai mutum ɗaya: baƙar mai aiki da suka tarar a gidan. Ita ba ta da suna, "ke" kawai ake ce mata. Ba ta cika magana ba, sai zare ido da bin bango. A ƙarshe aka ce ita ce mayyar da ta kama yarinyar, aka kore ta da duwatsu, kowa ya huta.

A bakin lungunmu kuwa akwai Hajiya Ashe, wadda ka tashi kana kira Kaka. Lokacin ba ta tsufa ba. Daga Abeshe ta ƙasar Chadi ta zo, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Mariyam, tana sayar da kisra, wainar nan tasu mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa. A nan Jidda ta koyi Hausa, saboda haka takan ce wa mace "kai", ta ce wa namiji "ke", kuma kusan kowace magana sai ta rufe da "wallai zen", wato "wallahi da kyau". Ba ta taɓa yi min komai ba. Hasali ma in na saya takan ƙara min.

Wata rana muna kallo, aka zo wurin da mai aikin take hawa bene a bayan yarinyar, shiru ba magana. Shirun ya yi tsawo, na ji ɗakin ya fara sanyi. Sai kawai na karya harshe na ce, "Kai yarinya, zo ka ci kisra, wallai zen." Mata suka yi dariya har da masu hawaye. Washegari suka ce a maimaita. Na maimaita, na ƙara. Kafin wata ya ƙare, duk maganar da mayyar fim ba ta yi ba na sa mata ita a baki, da muryar Hajiya Ashe. Ita kuwa tana can bakin lungu a gaban murhu, ba ta san me ake ciki ba. Yara ne suka kai mata. Su tsaya daga nesa su ce "zo ka ci kisra," su zare ido, su ruga.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma a raina wasa nake yi. Fahad, ka kula da wannan. Duk wanda ka ba fuskar abin tsoro a fim, ka tuna mai kallo zai tashi ya fita waje, kuma a waje akwai mai irin wannan fuska yana neman abincinsa. Kai ka kashe talabijin ka tafi, shi kuma abin ya zauna a jikinsa. Kafin ka ɗora wa mugun labari harshen wasu mutane, ko launinsu, ko irin suturarsu, ka tsaya ka tambayi kanka ko labarin ne yake bukatar haka, ko dariyar ce kawai ta zo maka da araha.

Ana haka sai 'yar Talatu maƙwabciyarmu ta kwanta zazzaɓi mai zafi. Yarinyar ta sha zama a cinyar uwarta tana kallon fim ɗin. Cikin zafin ciwo ta riƙa sambatu tana cewa, "Ashe, kisra, Ashe." Ba a jira komai ba. Da rana tsaka mata suka ɗauko yarinyar suka yi wa rumfar Hajiya Ashe zobe, suka ce ta saki kurwarta. Ta yi rantsuwa da Larabci, ta yi da Hausarta, kuma duk kalmar da ta fito bakinta sai ta yi daidai da wadda suka saba ji a fim. Ba ta da iƙama. Ta san in hayaniya ta yi yawa motar jami'ai za ta tsaya, daga nan sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Saboda haka ta yi abin da suka ce. Ta tsallaka yarinyar sau uku, ta kuskure baki a kofi aka ba ta ta sha, Mariyam tana riƙe da gefen mayafinta.

Ina wurin. Kalma ɗaya ta isa, in ce ni na ƙirƙiro, a ɗakina yarinyar ta ji. Na buɗe baki na ga fuskokin matan da suke yabona kullum, sai na rufe. Daga baya aka kai yarinyar wurin likita, ya ce taifot ne, ta sha magani ta warke. Amma ba wanda ya ƙara sayen kisra. Kafin mako ya zagayo Hajiya Ashe ta kwashe kayanta ta koma unguwar Khumra, can gefen gari.

Wannan shirun ya fi wasan muni. Za ka zauna a ɗaki da masu shirya fim, manya da suka girme ka, wani zai kawo shawarar da ka san cutarwa ce, kowa zai yi dariya. Kai baƙo ne, za ka so su karɓe ka. Ka yi magana duk da haka, cikin ladabi, tun abin yana kan takarda. In ya riga ya fita gari, ba hannunka ne zai dawo da shi ba.

Na yi wata takwas ina gaya wa kaina cewa ba ni na tara matan ba. Abbanka bai ce min komai ba, sai wata Juma'a bayan ya dawo masallaci ya zauna a bakin gado ya ce, "Hajara, matar nan me ta yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Malam."

Ya ce, "To ɗauko mayafinki, mota na waje."

Har gobe ina gode masa wannan tafiya. Bai yi min wa'azi a hanya ba, ya dai tuƙa. Muka same ta a bayan wani sito tana dafa wa lebura abinci, ta rame, rana ta ƙona ta. Zan rubuta maganarta da Hausa miƙaƙƙiya, don tun ranar na yi alkawari ba zan ƙara kwaikwayonta ba, ko a takarda.

Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi. Ta ci gaba da juya miya har na gama, sannan ta ce, "Na sani tun daɗewa, yara sun gaya min. Dariyar ba ta kashe ni ba, an yi min dariya a garuruwa da yawa. Abin da na kasa haɗiyewa, ranar da na tsallaka yarinyar nan na ɗaga kai ina neman idonki, kika kalli ƙasa."

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Na yafe nawa. Amma Mariyam ta daina magana a gaban mutane, wai kada a ji muryarta. Wannan kuwa tsakaninki da ita ne." Ta zuba mana abinci, ta tsaya a kanmu sai da muka ci.

Kada ka jinkirta ban haƙuri, Fahad. Watanni takwas ɗin nan da na yi ina kare kaina, Mariyam ce ta ɗauki nauyinsu. Na daɗe ina zuwa Khumra kafin yarinyar ta yarda ta amsa gaisuwata, kuma ko yau da take da 'ya'ya huɗu, ka lura ba ta son magana cikin taro.

Bayan shekara biyu Hajiya Ashe ta dawo Karantina, don ni da kaina na bi gida gida na faɗa wa matan nan gaskiya, Talatu ma ta je ta nemi gafara. Da ta zauna sai ta ce tana so ta ga fim ɗin da ya kore ta daga gida. Na so in hana, ta nace. Muka zauna mu biyu, na sa mata, ban fassara ko kalma ɗaya ba, Larabcinta ya fi nawa. Da mai aikin ta fito sai ta matsa kusa da talabijin ta ce, "Wannan ai ba baƙa ba ce. Baƙi aka shafa mata. Dubi bayan kunnenta." Na duba, haka ne. Na kalli fim ɗin nan ya fi a ƙirga ban taɓa gani ba. Ashe ko mayyar ma ba su yarda baƙar mace ta fito a matsayinta ba.

Can gaba ta sake cewa, "Tun kafin su zo tana gidan nan ita kaɗai. Wa ya kawo ta? Ina mutanenta? Ga ta nan tana kuka a ƙofar ɗakin sama, me ke ciki da ya sa ta kuka?" Ni da na yi shekaru ina wanke bene a gidan wasu, ban taɓa kallon matar nan na ga kaina ba. Na zauna ne a bayan masu gida ina jin tsoronta tare da su.

Ka riƙe tambayoyin nan uku, ba nawa ba ne, na Kakarka ne. Tsohon fim bai amsa su ba. Idan za ku sake yin sa don ku maimaita shi kawai da sababbin kaya, to gara ku bar shi ya huta. Ka ba matar nan suna. Ka ba ta gari da uwa da abin da take so a duniya. In har za ta ba da tsoro, mu san abin da ya kai ta can.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka dalla-dalla ba. Ranar da naƙudarka ta tashi, Abbanka yana hanyar Madina da kaya, sunana kuma bai shiga takardunsa ba tukuna, asibiti ba wurin zuwana ba ne. Yayarka Salma ta ruga bakin lungu. Hajiya Ashe ta bar kisra a kan wuta ta zo. Ka fito da cibiya naɗe a wuya, jikinka ya yi shuɗi, ba kuka. Ita ta warware, ta sa bakinta a naka ta hura har ka motsa. Muryar da na mai da ta mayya, ita ce ta fara kiran sunan Allah a kanka. Ba ni da abin da zan biya ta, ban kuma san me na yi wa Allah da ya bar min ita ba.

Kuskurena na ƙarshe sabo ne, kai ma shaida ne. Da ka karanta min abin da ka fara rubutawa, na ce maka ka juya labarin gaba ɗaya: ka mai da uwar gida fara ita ce mayya, baƙaƙe duka su zama mutanen kirki. Ka rufe kwamfuta kawai. Na ji haushi, na je na kai ƙararka wurin Kaka ina tsammanin za ta goyi bayana. Ta saurare ni tana jan carbi, sannan ta ce, "Matar da ta ba ki bidiyon fa, wadda ta yi jinyarki? Ita ma tana da jikoki masu zuwa makaranta." Ta ƙara da cewa, "Kuma ki gaya masa kada ya mai da ni waliyyiya. Ina da faɗa, ina da rowar man shanu, na taɓa marin mai gidan haya. In zai sa irina a fim, ya sa mutum."

Ka fi ni gaskiya a ranar, ka yafe min. Na so in rama ne, na kira shi gyara. A fim ɗinka a sami na kirki da mugu a kowane launi, yadda ka gan su a lungun nan da ka tashi, inda Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da mutanen Chadi da na Yaman suke shan ruwa a tanki ɗaya.

Na ga wasu finafinan da ake kawowa daga gida, in ana neman aljani sai a nemo zabiya ko wada ko mai ido ɗaya. Za a kawo maka wannan shawara, na tabbata, don ita ce mafi sauƙi. Ka ƙi. In ka sami zabiya mai iya wasa, ka ba shi likitan da ya zo duba yarinyar, ko mijin da ake so. In labarinka yana da mutumin Chadi ko Bagwari ko Bayarabe, ka nemo ɗan wurin ya fito, ka tambaye shi yadda uwarsa take magana, ka bar shi ya gyara maka. Kada a shafa wa kowa baƙi, kada a shafa wa kowa fari. Abin tsoron kuwa ka nemo shi a wani wuri. Ni a rayuwata ban ga abin da ya kai taron mata masu hankali, masu salla, sun kewaye mace ɗaya da rana tsaka ban tsoro ba.

Yanzu saura naka. A nan, tun kana makaranta ana ce maka Takari, kana dawowa ka jefar da jaka ka ƙi cin abinci. Kana tsammanin a Kano za ka huta. Za ka huta da wasu abubuwa, amma da ka buɗe baki za su ji ka. Za ka ce "yalla" da "halas", za ka rasa kalma a tsakiyar magana ka cike da Larabci, wataƙila ka ce wa mace "kai". Za a sami mai baiwa irin tawa ya kwaikwaye ka, mutane su yi dariya. Kada ka daina magana. Ka yi ta yi da karkatacciyar Hausarka har ta miƙe, ko ta ƙi miƙewa. Kuma in abin ya yi maka zafi, ka adana zafin, ka tuna da shi duk ranar da alƙalami yake hannunka kana shirin sa wa wani magana a baki.

Na san hatimin da za a buga maka a filin jirgi na fita ne ba dawowa, sai dai in Allah ya kira ka Umra ka zo mana baƙo a garin da aka haife ka. Na yi kukana na gama. Abin da ya rage min godiya ce. Na gode wa Allah da ya ba ni ɗa mai son gyara abin da uwarsa ta ɓata. Na gode maka da ba ka taɓa jin kunyar lungun nan ba, ko lokacin da abokanka suke tambayar unguwarku.

Ka kula da salla a wurin aiki, kada a ce ana ɗaukar fim ka bar la'asar ta wuce. Ka girmama matan da za ku yi aiki tare, 'ya'yan wasu ne. Ka je Funtuwa ka gaida Kawunka ko da sau ɗaya a wata, in ya yi maka faɗa a kan sana'ar nan ka sunkuyar da kai, daga baya zai sauko. Ka riƙa kiran Abbanka a wayarsa shi kaɗai, ba sai ta hannuna ba. Ba zai taɓa ce maka yana kewarka ba, amma jiya na same shi a tsaye a ɗakinka yana gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi mu. Allah ya tsare harshenka da hannunka daga cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, ya tsare ka daga masu cutarwa. Na ba Allah ajiyarka, shi da ajiya ba ta ɓacewa a wurinsa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.

Da ka sauka, kafin ka nemi ruwan sha, ka bugo.

Wassalam.

Ummanka,
Hajara.